Ɗurar Magen Ya Falmata

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na amsa gaisuwar surukina daga ƙarƙashin gado ba, ko da tsufa zai kwashe duk abin da ya rage a kaina. Tun da na iya riƙe biro a makarantar manya nake cewa sai na rubuta labarin da hannuna, don Bintu mai ƙosai ta riga ta baza nata a unguwa, kuma a nata har da abin da ban yi ba. Wanda na yi ɗin ma ya isa.

Ni dai a unguwarmu ta Bulabulin da abu ɗaya aka san ni: ɗura. In yaro ya ƙi shan magani, ya datse haƙora yana tofarwa, sai uwarsa ta ce, "To tashi mu je wajen Iya." Wani tun a zaure yake cewa zai sha. Wanda ya yi taurin kai kuwa, in matse shi tsakanin cinyoyina, in tanƙwara kansa baya, in toshe hanci, yana buɗe baki in zuba. An gama. Na yi wa jarirai, na yi wa 'yan awaki, na taɓa yi wa wani ƙaton saurayi mai zazzaɓi da ya fi ƙarfin uwarsa. (Yanzu ma'aikatan asibiti sun ce a daina, wai yana bin hanyar numfashi ya sauka a huhu. Gaskiyarsu ce, kuma na daina. Amma a lokacin ji nake kamar wata sarauta aka naɗa min.)

To akwai wata tsohuwa da ke zaune a gidana, a ɗakin da ke kusa da rijiya, Ya Falmata. Babarbariya ce daga wani ƙauye can wajen tafki. Lokacin tashin hankalin nan ta shigo gari da ƙafa, daga ita sai lafayar jikinta, dogon mayafin nan nasu, sai 'yar mage ƙunshe a gefen lafayar. Ban taɓa tambayarta ina sauran mutanen gidansu ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Na ba ta ɗaki muka zauna. Hausarta gutsi-gutsi ce, Barbarcina ya fi Hausarta lalacewa, amma in muka tashi faɗa kowa tana gane zagin 'yar uwarta sarai.

Magen ba ta da wani suna. Ngam kawai take ce mata, wato mage da yarensu. Fara ce mai baƙin kunne ɗaya, ga tsoron tsiya. Murfin tukunya ya faɗi, ta ɓace. Keke mai ƙafa uku ya yi tusa a bakin lungu, ba za ka sake ganinta ba sai an jima. Duk zaman da muka yi ban taɓa shafa bayanta ba. Amma da zarar Ya Falmata ta miƙe ƙafa a tabarma, sai ta lallaɓo ta kwanta a kai, su yi ta hira da Barbarci. Na sha jin tsohuwar tana ambaton sunayen mutane tana ba magen labarinsu. Ina jin duk duniya magen nan ce kaɗai ta rage da ta taɓa ganin masu sunayen.

Sai wani muzurun maƙota ya cije ta a cinya. Wurin ya kumbura ya yi ruwa, ta daina cin abinci. Ya Falmata ma ta daina. In kai mata tuwo, in dawo in tarar ya yi fata, ko yatsa ba a sa ba.

"Ki ci mana," na ce.

"Ngam bai ci ba."

"To ke mage ce?"

Ta juyar da kai wajen magen. A nan na gane in magen nan ta mutu, ba ita kaɗai za mu binne ba.

Mijin 'yata ta fari likitan dabbobi ne. Ba na faɗin sunansa, Baban Amira nake cewa. Tun da ya auri yarinyar nan ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, shi kuma bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. In ya zo gaisuwa, tun a bakin ƙofa zai cire takalmi, ya tsuguna can nesa, ya karkata gefe, ya yi ta magana ƙasa-ƙasa har sai na ce, "Me ka ce?" Ni kuwa a bayan idonsa ba abin da ba na faɗa. Lokacin da yake neman auren cewa na yi, duk likitocin mutane da ke garin nan ki rasa wanda za ki kawo min sai mai duba zawon tumaki? (Ta gaya masa, na tabbata. Bai taɓa nunawa ba.)

'Yar tawa ce ta kai masa labarin magen. Ya Falmata ta sa ta a kwando ta rufe da zane, suka hau keke zuwa wajen aikinsa. Ya wanke ciwon, ya yi mata allura, ya ba su wani maganin ruwa a 'yar kwalba da sirinji mara allura, ya ce a riƙa ba ta a baki safe da yamma har ya ƙare. Matsalar ita ce Ya Falmata tana da rawar hannu. Ko shayi za ta sha sai rabi ya zube. Da ta gwada da safe, tabarma ce ta sha maganin. Sai ya aiko da saƙo ta wayar 'yata: kada kowa ya taɓa magen, in ya tashi daga aiki bayan la'asar zai biyo ya nuna yadda ake yi.

Wannan saƙon ne ya tsaya min a wuya. Ya nuna wa wa? A gidan wa? Ni ce za a zo har ɗakina a koya wa ba da magani? Bintu tana zaune a tsakar gida tana surfen wakenta, ita kuma ba ta taɓa ganin wuta ta zuba mata ruwa ba.

"Iya, ke da kika kayar da ɗan Modu mai shayi, mage ce za ta gagare ki? Ai kafin likita ya iso kin gama kin wanke hannu."

Na ce, "Tashi ki zubo min garwashi a kasko."

Ku ji shirin da na yi. Na ɗauko turaren wutana mai kyau, wanda na sayo a Kasuwar Litinin nake ɓoyewa don biki, na barbaɗa har ɗakin ya turnuƙe. A sanina, in jariri yana rigima, ka turara ɗaki sai jikinsa ya yi sanyi. Na ce mage ma rai gare ta, za ta ji daɗi. Sannan na ce wa Ya Falmata ta kawo ta ɗakina, ya fi haske, ya fi fili.

"Likita ya ce a jira," ta ce.

"Likitan nan a hannuna ya karɓi mata. Kawo ta."

Ta kawo ta a rungume, ba don tana so ba. Kafin nan Bintu ta leƙa ta katanga ta sanar, mata sun fara taruwa a bakin ƙofa, wata da goyo, wata da ludayi a hannu. Ni kuwa ina ganin jama'a sai kaina ya ƙara girma. Na naɗe hannun riga, na ce, "Ku matsa ku ba ni haske."

Tun da aka shigo da ita cikin hayaƙin nan ta fara atishawa, kunnuwanta suka kwanta. Ban kula ba. Na damƙe ta a wuya, na zauna bakin gado, na matse ta tsakanin cinyoyina kamar yadda na saba. Na ce Bintu ta riƙe ƙafafun baya, ita kuma sakarar ta kama daidai kan ciwon. Na tanƙwara kan baya, na kai yatsu zan toshe hanci, sai na tarar hancin mage ba shi da wurin kamawa. Wani ɗan abu ne kamar ƙwayar wake, ga santsi. Ina cikin laluben nan na ji ɗumi yana bin cinyata. Fitsari ta sake min, don tsoro.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ce, "Bismillahi," na cusa sirinji na danna gaba ɗaya.

Ban san ta yadda ta juya ba. Abin da na sani, maganin a fuskata ya ƙare, har cikin baki (ɗaci kamar maɗaci, Allah Ya isa). Sai na ji kamar an sa reza an tsaga min hannu tun daga wuyan hannu har gwiwa. Ta taka ƙirjina, ta haye kaina, ta tafi da ɗankwalina, ta kama labule ta yo ƙasa da shi, ta faɗa kan jeren samirata. Kwanukan nan suka zubo kamar ana rushe gari. Mata suka watse da ihu. Ita kuma ta shige ƙarƙashin gado, can ƙuryar bango.

Na waiga na ga Ya Falmata ta zube a ƙasa, hannu biyu a ka, tana wani irin sauti da ban taɓa ji a bakinta ba, ba kuka ba ne, ya fi kuka muni. Ƙarar kwanukan nan ba magen kaɗai ta firgita ba. Na leƙa ƙarƙashin gadon, na hango magen baki buɗe tana haki, ciwon ya fashe yana tsiyaya. Na ce a raina, na kashe wa baiwar Allah magenta.

Amma maimakon in zauna in yi istigfari, sai zuciya ta ce min, ki fito da ita ki gyara ɓarnarki kafin suruki ya iso.

Gadon nan na ƙarfe ne, na aurena. Lokacin da aka kawo ni da shi siririya ce ni, ina shiga ƙarƙashinsa in yi shara in fito. Da wannan tunanin na kwanta rub da ciki. Kai ya shige. Kafaɗa ta shige. Ƙirji ya yi gardama amma ya shige. Da aka zo ƙugu sai ƙarfen gefen gadon ya ce nan ne iyaka. Na yunƙura gaba, ba hanya. Na yunƙura baya, wata ƙugiyar waya ta kama min riga. Bintu ta kama ƙafafuna tana ja, sai na ji ɗaurin zanena yana warwarewa.

"Sake ni, 'yar banza! Tuɓe ni za ki yi?"

Ta sake ni, ta faɗi gefe tana dariya har da buga ƙasa. Ga ni nan, rabi a ciki rabi a waje, kai ba ɗankwali, zane jiƙe da fitsarin mage, fuska duk magani, tsakanina da magen bai fi kamu ɗaya ba. Idanunta sun zama baƙi ƙirin, tana min huci kamar maciji.

Sai na ji sallama daga zaure. Muryar nan mai sanyi.

Na ce da ƙarfi-ƙarfi cikin raɗa, "Bintu! Ki ce ba na nan!"

"Iya, ƙafafunki fa?"

Kafin mu gama wannan shawara Ya Falmata ta fita a guje, tsohuwar da ko rijiya ba ta zuwa sai da sanda. Ina jin ta tana cewa, "Likita, wushe, sannu, zo, zo, Ngam zai mutu!" Labulen da zai kare ni kuwa yana ƙasa.

Daga inda nake ƙafafu kawai nake gani. Na ga takalmi ya tsaya a bakin ƙofa. Na ga an cire shi, an jera shi a gefe. Na ga gwiwoyi sun sauko ƙasa, sun juya suna kallon bango. Na rufe ido na ce, Allah in dai da sauran kwanana a duniya to a yafe min su, a ɗauke ni yanzu.

"Iya, ina wuni."

To me zan yi? Gaisuwa ce, dole a amsa. Bakina a siminti, yanar gizo a hanci, na ce, "Lafiya lau."

"Ya gida?"

"Lafiya ƙalau."

"Ya ƙafar?"

Ciwon gwiwata yake nufi, kullum sai ya tambaya. Amma ku duba, a duk jikina ƙafar ce kaɗai a waje.

"Da sauƙi," na ce. "Ya yaran?"

"Suna gaishe ki."

"Ina amsawa."

Wallahi muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Na kasa kunne ko zan ji ɗan tari irin na mai danne dariya. Babu. Bintu ce kawai take shaƙewa a bayan ƙofa. Sai na ji ya ce, yana fuskantar bangon nan, "Bintu, simintin nan da sanyi, ki ɗan lulluɓa wa Iya ƙafa." Na ji bargo ya sauka a kaina tun daga ƙugu har dunduniya. Ban taɓa son wani bargo kamar wannan ba. Sannan ya ce a fitar da kaskon turare can nesa, a buɗe taga. Ya roƙi matan da suka dawo leƙe su koma gida, wai ya gode da taimakonsu. Ya faɗa a hankali, amma har da Bintu aka fita.

"Iya, maganin ya shiga?"

"Ya shiga," na ce. Sai na tuna ran mage ake magana, ba wurin ƙarya ba ne. "Bakina ya shiga. Ita ko ɗigo ba ta sha ba."

"To ba komai. Wata alfarma zan roƙa. Ki ɗan ƙara haƙuri a inda kike. In aka ɗaga gadon yanzu za ta firgita, kuma fuskarki ce kusa da ita."

Kun ji fa. Wai alfarma. Kamar ina da wani wurin zuwa.

"Kuma kada ki dube ta cikin ido. A wurinsu faɗa ke nan. Ki ɗan lumshe."

Na lumshe. Ya ce wa Ya Falmata ta ɗauko lafayar da take kwana da ita, wadda ba a wanke ba, ta shimfiɗa a ƙasa daga ɗaya gefen, ta zauna ta miƙe ƙafa kamar yadda take yi kullum, ta yi hirarta da ta saba. Ya ciro ɗan ƙunshin bandar kifi daga aljihu, ya marmasa kaɗan a bakin lafayar. Shi kuma ya matsa can gefe ya zauna, ya ba gadon baya.

Daga nan bai sake yin komai ba. Ban taɓa ganin mutum ya iya zaman shiru irin na yaron nan ba. Ni da a ce ni ce, da na sa muciya na zunguro ta. Shi ko motsi. Muryar Ya Falmata kawai ake ji, da farko tana rawa, can ta daidaita, ta fara ambaton sunayen nan nata ɗaya bayan ɗaya. Gwiwata tana zugi, hannuna yana raɗaɗi, wani kyankyaso ya bi ta kan wuyana ban isa in kore shi ba.

Amma fa ni na fi kowa ganin abin da ya faru, don ni ce a layin gaba. Ta ƙasan ido nake kallo. Na ga hakin ya ragu, ta rufe baki. Na ga kunne ɗaya ya ɗago, baƙin, ya juya wajen muryar. Can ɗayan ma ya biyo. Ta lashi hanci. Ta miƙa wuya tana shinshina iska. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta tsaya, ta dube ni. Na matse ido kamar gawa. Bango ta can, tsofaffin kwallayena ta can, hanya ɗaya ce ta rage mata, ni ce hanyar. Sai na ji 'yan ƙafafu masu sanyi a kan tsurar kaina, suka bi ta ƙeya, suka sauka ta kafaɗa. Ta wuce.

Na juyar da kunci a hankali, ta ƙasan ƙarfen gado nake hangen su. Ta ci kifin. Ta hau cinyar Ya Falmata tana ɗingishi. Bai tashi ba tukuna, sai da ta kwanta. Sannan ya matso da gwiwa ta bayanta, ba ta gabanta ba. Ya nuna wa tsohuwar ta naɗo gefen lafayar ta rufe jikin, sako-sako, ciwon a sama, kai kaɗai a waje. Ya miƙa bayan yatsa ta shinshina. Ya shafa gefen kumatunta. Ya sa bakin sirinjin a kusurwar baki, nan gefe, ya ɗiga kaɗan, ya tsaya. Ta haɗiye, ta yamutsa fuska. Ya jira. Ya ƙara ɗigawa.

"Ba a ɗaga kanta sama," yake cewa a hankali. "Kuma ba a zubawa gaba ɗaya, sai ta shaƙe. In ta nuna ta gaji, a sake ta, a bari sai an jima. A ɗakinta za a riƙa yi, inda ta san warin komai, mutum biyu sun isa. In an gama a ba ta abin da take so, don gobe kada ta tuna ɗacin kaɗai."

Wai da Ya Falmata yake. Amma yaron nan Barbarci a bakinsa kamar ruwa, ita kuma Hausa wahala take ba ta. Da Hausa ya yi bayanin nan tun daga farko har ƙarshe, da ɗan ƙarfi yadda za a ji a ƙarƙashin gado.

Ina kwance a wurin wani abu ya faɗo min. Zama can nesa, karkata gefe, ido a ƙasa, magana ƙasa-ƙasa, ba ya matsowa sai an ba shi fuska. Yo ai haka yake min! Duk shekarun nan ina cewa kunya ce irin ta suruki. Kunyar ce, ban musa ba. Amma ashe ya san yadda ake zama da mai yakushi, ko mai ƙafa huɗu ko mai biyu.

Da ya gama, ya duba ciwon ya goge, Ya Falmata ta ɗauki abarta ta koma ɗaki. Sai ya miƙe ya ce wa bango, "Bari in leƙa kemis, na manta wani abu." Ina jin sa a tsakar gida yana ce wa Bintu ta kira mata biyu masu ƙarfi su ɗaga gadon ta wajen kai, a hankali, wai akwai abin da ya maƙale. Abin da ya maƙale! Suka ɗaga, aka zaro ni kamar buhun gero. Na watsa ruwa, na canza zane, na ɗaura sabon ɗankwali, na hau gadon na zauna na haɗe rai.

Can sai ga sallama. Ya cire takalmi, ya jera, ya tsuguna, ya karkata.

"Iya, ina wuni."

Tun daga farko ya sake ta, har da ya ƙafar. Kamar yanzu ya shigo gidan. Na amsa ina kallon silin. Ya tura wata leda ta kan tabarma, aidin ne da auduga, ya ce ya ji an ce mage ta karci wani a gidan, a wanke da sabulu sosai, gobe kuma a je asibiti a nuna, karcen mage ba abin wasa ba ne. Na ce za a gaya wa mai shi.

Sai ya ce, "Iya, ga wata matsala. Maganin nan in aka tsallake, ciwon dawowa zai yi. Ni ba zan samu zuwa safe da yamma ba, ita kuma Ya Falmata kin san hannunta. Ana son mai hannu tsayayye. Na duba gidan nan ban ga kamar naki ba."

Da zagina ya yi da na san abin da zan ce masa. Wannan kuwa sai kawai na nuna masa inda zai ajiye kwalbar. Na ce, "Ajiye a nan."

Washegari da safe na je ɗakin Ya Falmata, ko humra ban shafa ba. Magen tana hango ni ta kumbura kamar an hura ta. Na cire takalmi. Na tsuguna a bakin ƙofa da gwiwar nan tawa mai ƙara, na karkata gefe, na sa ido a ƙasa. Tsohuwa da jikoki, wadda ko mai unguwa ba ta tsuguna wa. Na ce, "Ngam, ina kwana."

Ya Falmata ta ce, "Ƙasa-ƙasa. Muryarki kamar injin niƙa."

Na rage. Ranar har kokona ya huce ban samu ta yarda ba, sai da na fita na dawo. Da na samu na ɗiga na farko a gefen bakin nan, ta haɗiye, ji na yi kamar in yi guɗa, amma na danne, don guɗar ma tsoro za ta ba ta. Haka muka yi ta yi, ni da ita da lafayar nan da kan kifi, har kwalbar ta ƙare. Kumburin ya sace. Ta fara bin ƙadangaru da ido. Ran nan ina tsakar gida sai ga Ya Falmata da kwanon tuwo fayau, ta dire min a gaba ta ce miyar ba gishiri, wai tun da ta zo garin nan ba ta taɓa cin miya mara daɗi kamar tawa ba. Na ce to gobe ki dafa da kanki, uwar iyayi. Na shiga ɗaki na yi hamdala.

'Yata kuwa a bakin Bintu ta ji labari, bayan duk Bulabulin sun ji. Ta koma gida ta tsare mijin, wai me ya sa bai gaya mata ba. Ta ce ɗago kai kawai ya yi ya ce, "Na je na gaida Iya, na same ta lafiya." Har yau iyakar abin da ya faɗa ke nan. Duk mai cewa mai duba zawon tumaki a gabana yanzu, ni zan fara cin mutuncinsa.

Abin da na koya da tsufana shi ne, mai tsoro in ya shige ƙarƙashin gado, ki samu wuri a waje ki zauna, ki rufe bakinki, zai fito da ƙafarsa. In kuma zuciya ta ci ki kika ce dole sai kin bi shi, to kafin ki kwanta ki tuna shekarar da aka sayi gadon, ki tuna yawan tuwon da kika ci daga lokacin zuwa yau.